GIDAN WAYA A SARARIN SAMANIYA: ME YA SA SAƘON TAURARO YAKE YIN JINKIRI?

Kowa ya san muryar radiyo ba ta da abokin tsere. Masana sun auna gudunta, suka tarar tana cin kilomita 300,000 cikin sakan ɗaya, daidai da gudun haske. Da za ta bi da'irar duniya, da ta kewaye ta sau bakwai da rabi kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu. Amma duk da haka akwai mutanen da suka aika wasiƙa ta tauraron ɗan Adam da azahar, ba ta kai hannun mai ita ba sai washegari da hantsi, wani lokaci ma sai bayan kwana biyu. To, ina saƙon ya tsaya? Wane ne ya riƙe shi? Amsar tana cikin tarihin waɗansu ƙananan taurari da masu sha'awar radiyo suka ƙera da hannunsu, kuma ta shafi duk wata ƙasa mai faɗi wadda ƙauyukanta suke nesa da gidan waya.

Su wane ne masu radiyon sha'awa?

Tun farkon ƙarni na 20 aka sami mutane a ƙasashe dabam-dabam waɗanda suke haɗa na'urar aika magana a gidajensu, suna gaisawa da takwarorinsu na nesa, ba don neman kuɗi ba, sai don ilimi da zumunci. Cikinsu akwai malamai da ɗalibai da makanikai, har da manyan mutane kamar marigayi Sarki Husaini na Jordan da marigayi Rajiv Gandhi na Indiya. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a birnin Paris a shekarar 1925. Kowannensu sai ya sami lasisi daga hukumar ƙasarsa, a ba shi lambar kira wadda farkonta yake nuna ƙasar: ta Nijar tana farawa da 5U, ta Nijeriya da 5N, ta Ghana da 9G. Dokar duniya ta hana su yin ciniki a kan zangon da aka keɓe musu, ta kuma hana su ɓoye ma'anar magana. Abin da ɗaya ya faɗa, kowa yana iya ji.

Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron farko, Sputnik, ranar 4 ga Oktoba 1957, waɗannan mutane suna cikin na farko da suka kama kukansa. Shekara huɗu bayan haka suka yi nasu. Ranar 12 ga Disamba 1961 aka harba OSCAR 1 daga jihar Kalifoniya ta Amurka, an raɓa shi a jikin rokar da ke ɗauke da wani babban tauraro, kamar yadda direba yake rage wa mai tafiya hanya. Nauyinsa kilo 4 da rabi ne kacal, aikinsa kuma guda ɗaya: yana maimaita wata gajeriyar gaisuwa da rubutun Mos, wato na ɗigo da ja. Ya yi kusan mako uku yana gaisuwa har batirinsa ya ƙare, kuma mutum fiye da 570 a ƙasashe 28 suka ba da shaidar sun ji shi. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo: a ƙarshen Janairu 1962 ya komo cikin iskar duniya ya ƙone. A 1969 aka kafa ƙungiyar AMSAT a birnin Washinton domin ci gaba da aikin, a 1971 kuma taron ƙasashe a Jeneba ya keɓe wa waɗannan taurari nasu zango a hukumance.

Tauraro mai wucewa, ba mai zama ba

Tushen jinkirin duka yana ga wurin da waɗannan taurari suke shawagi. Harba tauraro can nesa yana da tsada ƙwarai, saboda haka yawancin na masu sha'awa suna kusa, tsakanin kilomita 400 da 1,500 daga ƙasa. Tauraron da ke kilomita 800 yana gudun kilomita 7 da rabi cikin sakan, yana kewaye duniya cikin minti 100, wato sau 14 a kwana ɗaya. Irin muryar radiyon da ake yi masa magana da ita kuwa ba ta yin kwana, a miƙe take tafiya kamar hasken cocila. Idan tauraro ya faɗa bayan gari, magana ta yanke. Daga ɓullowarsa zuwa faɗuwarsa bai wuce minti 15 ba, sau da yawa ma 10 ne ko ƙasa da haka.

Daga can sama, tauraron yana hangen fili mai faɗin kimanin kilomita 6,000. Mutumin Yamai da na Damagaram, waɗanda ke da tazarar kimanin kilomita 900 ta hanyar mota, suna ganinsa a lokaci guda, saboda haka suna iya magana baki da baki ta hanyarsa cikin ƴan mintocin nan. Amma tsakanin Yamai da Tokyo akwai kusan kilomita 13,000. Har abada tauraron ba zai hangi biyun tare ba. Dabarar da ta rage ita ce a mai da shi ɗan aike: ya karɓi wasiƙa a nan, ya ajiye ta cikin ƙwaƙwalwarsa, ya tafi da ita, ya sauke ta sa'ad da ya gifta ta kan mai ita. Wannan shi ake kira tsarin ajiya da isarwa. Duk wanda ya taɓa ba direban motar kasuwa wasiƙa, ya ce a miƙa ta a tasha ta gaba, ya riga ya san tsarin.

An fara gwada shi a kan OSCAR 6 a 1972, da ɗan gajeren saƙo na rubutun Mos. Amma wanda ya buɗe ƙofar sosai shi ne UoSAT-2, wanda Jami'ar Sari ta Ingila ta ƙera cikin wata shida a ƙarƙashin jagorancin Martin Sweeting, aka harba shi ranar 1 ga Maris 1984, yana ɗauke da na'urar ajiye saƙon kwamfuta. Japan ta biyo baya da nata a 1986. Ranar 22 ga Janairu 1990 rokar Ariane ta Turai ta tashi daga Kuru, a Giyana ta Faransa, da ƙananan taurari shida a lokaci guda. Huɗu daga cikinsu kowanne girmansa kamar ƙaramin kwali. Daga ranar nan gidan waya ya buɗe a sararin samaniya.

Jira na farko: sai ɗan aike ya zo

Yawancin waɗannan taurari suna bin hanyar da ta ratsa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, ita kuwa duniya tana juyawa a ƙarƙashinsu. Kafin tauraro ya gama zagaye ɗaya, ƙasa ta gusa gabas da kimanin kilomita 2,800 a tsakiyar duniya. Mai zaune kusa da ƙuryar arewa yana ganin tauraron kusan kowane zagaye. Mai zaune a yankin zafi kamar namu kuwa rabonsa kaɗan ne: kamar sau huɗu a kwana, biyu a jere, sai dogon shiru, sa'an nan biyu a jere. Taurarin 1990 an ɗora su kan hanyar da take sa su gifta da hantsi, su kuma sake giftawa da dare.

Mu ɗauki misali. Wani a Yamai ya gama rubuta saƙo da ƙarfe 1 na rana, giftawar hantsi ta riga ta wuce. Dole ya jira ta dare, wajen ƙarfe 11: awa 10 ke nan saƙon yana kwance cikin kwamfutarsa. Tauraro ya zo, ya karɓa cikin minti ɗaya. A wannan lokaci ƙarfe 7 na safe ne a Tokyo, inda ba za a ga tauraron ba sai da hantsinsu, bayan kimanin awa 3. Saƙon ya isa cikin awa 13, alhali tafiyar da ya yi a kan muryar radiyo, hawa da sauka, ba ta kai sakan ɗaya cikin ɗari ba. Amsa kuma haka za ta jira nata lokaci. Tambaya da amsa sun cinye yini da kwana, ba tare da wani ya yi laifi ko wata na'ura ta lalace ba.

Jira na biyu: ƙunƙuntar ƙofa da yawan jama'a

Ko da tauraro ya zo, ba a nan take ake sallamar kowa ba. Ƙananan taurarin 1990 suna aika saƙo da saurin da ya kai haruffa 150 cikin sakan. A giftawar minti 10, iyakar abin da zai sauko shi ne haruffa 90,000, wato kamar irin wannan bayani da kuke karantawa sau bakwai. Wannan kuwa ba rabon mutum ɗaya ba ne. Idan tauraro yana bisa Turai ko Japan ko Amurka, tashoshi da yawa ne suke kiransa a lokaci guda. In su ashirin ne, kowa zai tashi da haruffa 4,500, abin da bai fi shafi biyu ba. Taurarin Sari na UO-14 da UO-22 sun ninka wannan sauri sau takwas, amma da ƙofa ta ƙara faɗi sai masu shiga suka ƙaru, suna aika hotuna da manyan takardu.

Masu aikin sun fito da wata hikima domin rage cunkoso. Tauraro yana jera masu roƙo a layi, yana ba kowa ɗan lokaci, sa'an nan ya koma ga na farko. Kuma abin da yake saukar wa ɗaya, duk tashoshin da ke ƙarƙashinsa suna kama shi, kamar sanarwar sankira a kasuwa, saboda haka ba sai kowa ya roƙi labari ɗaya dabam ba. Saƙo yana saukowa guntu-guntu. Idan wani guntu ya ɓace saboda ƙara, kwamfuta tana lura da giɓin, ta roƙi wannan guntun kaɗai. Amma in tauraro ya faɗi kafin a cike giɓin, sai a jira giftawa ta gaba, ko bayan minti 100, ko bayan awa 10. Saƙon da saura layi biyu ya cika yana iya kwana a haka.

Wata wahala kuma ita ce sauyin murya. Kun lura da yadda ƙahon mota yake yin tsini sa'ad da take nufo ku, ya yi kauri sa'ad da ta wuce? Haka muryar tauraro take yi saboda gudunsa. A zangon santimita 70 tana gusawa da kilohaz 10 sama lokacin zuwa, da kilohaz 10 ƙasa lokacin tafiya. Dole mai tasha ya riƙa bin ta yana gyara akwatinsa, yana kuma juya eriya tana bin tauraro daga wannan gefen sama zuwa wancan. In hannu ya makara, ko bishiya ko gini ya tare, gutattarin saƙo sun zube.

Jira na uku: rashin lafiyar tauraro da hidimar ɗan Adam

Tauraro ƙarami ba shi da kuran sai abin da faifan hasken rana ya ba shi. A kowane zagaye yakan shiga inuwar duniya, ya dogara ga batir. Batir kuwa yana tsufa, kuma babu makanike da zai hau ya sauya shi. Idan ƙarfinsa ya ragu, masu kula da tauraro sukan rage masa murya ko su kashe akwatin saƙo har ya farfaɗo. Akwai kuma ƙwayoyin haske masu ƙarfi da ke yawo a sararin samaniya, musamman bisa kudancin tekun Atlantika, waɗanda suke birkita ƙwaƙwalwar na'ura. Idan ta birkice, sai an sake ɗora mata umarninta daga ƙasa, kaɗan-kaɗan, a cikin giftawar minti goma-goma, aikin da yake iya cin kwanaki. Ƙwaƙwalwar ma ƙarama ce: ta tauraron PACSAT megabait 8 ce, wadda hotuna biyu ko uku na wayar hannu ta yau za su cika. Saƙon da ya daɗe ba a ɗauka ba, share shi ake yi domin na baya su sami wuri.

Babu labarin da ya nuna halin waɗannan taurari kamar na OSCAR 7. An harba shi ranar 15 ga Nuwamba 1974, ya yi aiki har 1981, batirinsa ya lalace, ya yi shiru, kowa ya ɗauka ya mutu. Cikin watan Yuni 2002, bayan shekara 21, wani mai radiyo a Ingila ya ji muryarsa. Ashe wurin da batirin ya haɗe ne ya ɓalle da kansa, kuran hasken rana ya sami hanya. Tun daga nan yake magana idan rana ta haska shi, ya yi shiru idan ya shiga inuwa, har ya cika shekara 50 a 2024 ana jin sa.

A ƙasa ma akwai jira. Ba kowa yake da tashar tauraro ba. Da yawa suna miƙa saƙonsu ga wata tasha ta ƙofa, wadda take tattara na yanki ta ɗora wa tauraro, ta kuma rarraba waɗanda suka sauko ta hanyar radiyon ƙasa, daga tasha zuwa tasha. Masu waɗannan tashoshi ƴan sa-kai ne, babu mai biyansu. In kuran ya ɗauke, ko iska ta karya eriya, ko mai tasha ya yi tafiya, wasiƙun gari guda sun tsaya har ya komo.

Da babu gara ba daɗi

Mai karatu zai ce: ina amfanin gidan wayar da yake kwana a hanya? Sai a duba abin da yake gabansa a wancan zamani. A shekarun 1980 da farkon 1990, wasiƙa tsakanin ƙasashen Afirka biyu tana iya yin makonni, kiran tarho zuwa waje yana da tsada, kuma sau da yawa sai ya bi ta Turai kafin ya komo maƙwabta. A irin wannan hali, saƙon da ya isa cikin awa 13, da na'urar da batirin mota da faifan hasken rana suke iya riƙewa, babban abu ne.

Likitoci sun gane haka. Wani likitan zuciya na Amurka, Bernard Lown, wanda ƙungiyar likitoci masu ƙin yaƙin nukiliya da ya taimaka aka kafa ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1985, ya kafa ƙungiyar SatelLife. Tun farkon shekarun 1990 ta yi amfani da taurarin Sari, a kan zango dabam da na masu sha'awa, domin haɗa makarantun likita da asibitocin ƙasashe kamar Zambiya da Yuganda da Kenya da Tanzaniya da Zimbabuwe da takwarorinsu na duniya. Likita yana rubuta tambaya yau, gobe ya sami shawarar masani ko taƙaitaccen sabon bincike. A Satumba 1993 aka harba mata tauraro nata, HealthSat-2. Dabarar da masu sha'awa suka gwada a ɗakunan gidajensu ta zama kayan aikin lafiya.

Amfanin bai tsaya nan ba. A wannan ɗakin aiki na Sari aka ƙera tauraron farko na Nijeriya, NigeriaSat-1, wanda aka harba a Satumba 2003, injiniyoyin ƙasar kuma suka koyi sana'ar a can. Ɗaliban Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu sun ƙera SUNSAT, aka harba shi a 1999. A Yuli 2017 aka saki GhanaSat-1 daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, aikin ɗaliban Ghana da suka yi karatu a Japan, ya kuma yi magana a zangon masu sha'awa.

Tauraron da ba ya faɗuwa

Da intanet ta bazu a ƙarshen shekarun 1990, wasiƙun tauraro suka ragu, taurarin 1990 kuma suka tsufa ɗaya bayan ɗaya. Amma babban sauyi ya zo ranar 15 ga Nuwamba 2018, sa'ad da aka harba tauraron ƙasar Katar mai suna Es'hail-2 daga Fulorida. Shi yana can nisan kilomita 35,786 bisa tsakiyar duniya, inda zagayensa yake daidai da juyawar ƙasa, saboda haka mai kallonsa daga ƙasa yana ganinsa tsaye wuri ɗaya dare da rana. An keɓe wa masu sha'awa sashe a cikinsa, wanda suke kira QO-100, aka buɗe shi a Fabrairu 2019. Inuwarsa ta kama daga gabashin Barazil har Tailan, Afirka duka tana ciki. Da faifai irin na kallon talabijin ake kama shi.

A nan babu jiran giftawa, amma jinkiri bai ƙare ba. Murya tana hawa kilomita 36,000, ta sauko 36,000, tafiyar da take cin kashi ɗaya cikin huɗu na sakan. Mai magana yana jin muryarsa tana komo masa a baya kamar amsa-kuwwa, sai ya saba kafin ya daina sarƙewa. Wannan jinkiri babu injiniyan da zai kawar da shi, domin iyakar gudun haske ke nan. Shi ya sa tsohon tsarin ajiya da isarwa ya sake samun daraja wajen masu binciken duniyoyi: saƙo daga nan zuwa Mirrihi yana cin minti 3 zuwa 22, gwargwadon nisan da ke tsakani, saboda haka dole na'ura ta ajiye, ta jira, ta isar.

Abin lura gare mu

Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodebuwa, intanet ta tsaya ko ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga wahala, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Ranar nan ta tuna wa jama'a cewa hanya mai sauri ita ma tana da ranar tsayawa. Ƙasarmu tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, ba ta da bakin teku, kuma akwai rijiyoyi da rugage da ƙananan asibitoci da suke nesa da turken tarho. Ba kowane saƙo yake bukatar isa cikin sakan ba. Awon ruwan sama, da lissafin maganin da ya ƙare, da labarin fara ta sauka a wani wuri, in sun isa cikin rabin yini sun yi amfani. Abin da yake kashe su shi ne su yi mako biyu a hanya ko su ɓace.

Saboda haka ya kamata hukumomin da abin ya shafa su sauƙaƙa wa matasa hanyar samun lasisi, malaman lakol da na jami'a kuma su kafa ƙungiyoyin radiyo, inda ɗalibi zai koyi lissafin lokacin giftawar tauraro, ya haɗa eriya da hannunsa, ya ji muryar sama da kunnensa. Kayan sauraro ba su da tsada kamar dā, sauraro kuma shi ne matakin farko. Wanda ya san dalilin jinkiri ba ya zargin ɗan aike a banza, yana kuma iya shirya saƙonsa ya riski giftawar hantsi maimakon ya jira ta dare. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.